Makaɗan Da Suka Ƙi Sayar Da Sunansu: Mutunci Ne Ko Taurin Kai?

Mai karatu, ga wata tambaya da nake so mu tauna tare a wannan watan. Mai fasaha ya yi aikinsa, mai kuɗi ya zo ya ce zai saya, amma da sharaɗin a sauya abu guda ɗaya tak. Mai fasahar ya ce a'a. Ciniki ya watse, shi da abokan aikinsa suka koma cikin babu. Wannan mutum yabo ya cancanta ko zargi? Kada ka yi saurin amsawa, domin Bahaushe da kansa bai tsaya kan magana ɗaya ba. Shi ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, shi ne kuma ya ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya.

Akwai wani kiɗan Turawa da ake kira hebi metal, mai ƙarar jita da dukan ganguna kamar ana sassaƙar dutse. Ya samo tushe a garin Bamingam na Ingila, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. Idan kana neman danginsa a wajenmu, ka tuna kiɗan tauri irin na Kassu Zurmi, wanda ke sa namiji ya ji tsikarsa ta tashi ya zaro wuƙa. Ba kiɗan lallashi ba ne. To, a gefen wannan gida na kiɗa mai kaushi aka yi wasu samari uku da labarinsu ya jawo tambayar tamu.

'Yan gida ɗaya ne, baƙaƙen fata daga birnin Detroit na Amurka: David Hackney mai jita, Bobby mai waƙa da jitar da ke ba da amo mai kauri, sai Dannis mai ganguna. Sun fara a 1971 da irin kiɗan da unguwarsu ta saba ji, daga baya suka koma mai kaushi bayan sun kalli wasan ƙungiyar The Who. Ka tuna Detroit ita ce mahaifar kamfanin Motown, gidan su Stevie Wonder da Marvin Gaye, inda ake son murya mai zaƙi. Don haka maƙwabta suka ɗauke su a matsayin yaran da ke kwaikwayon kiɗan fararen fata. Sai David ya ƙara wa miyar barkono: ya raɗa wa ƙungiyar suna Death, wato Mutuwa. Mahaifinsu, wanda limamin coci ne, ya rasu a haɗarin mota, abin ya tsaya wa David a rai. Nufinsa shi ne ya nuna wa mutane mutuwa a matsayin ƙofar da kowa zai bi, su daina firgita da jin sunanta.

A 1975 suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na United Sound suka ɗauki waƙoƙi 7. Kamar yadda 'yan'uwan suka ba da labari, babban dillalin mawaƙa Clive Davis ya ji aikin ya yaba, ya ce a shirye yake ya ɗauke su in har za su sauya sunan. David ya ƙi. A 1976 suka buga ɗan ƙaramin faifai mai waƙoƙi biyu da kuɗinsu, kwafi 500 kacal, gidajen rediyo suka kau da kai. Zuwa 1977 ƙungiyar ta mutu kamar sunanta. Suka koma jihar Vermont suka yi waƙoƙin addininsu, daga baya Bobby da Dannis suka kama kiɗan rege. David ya koma Detroit, shaye-shaye ya ci ƙarfinsa, ciwon dajin huhu ya yi ajalinsa a 2000. Kafin ya rasu ya danƙa wa Bobby ainihin zaren da aka ɗauki waƙoƙin a kai, ya ce ya adana domin wata rana za a zo nema.

Aka kuwa zo. Masu tara tsofaffin faya-fayai suka fara sayen ɗan faifan nan da ɗaruruwan daloli. A 2008 'ya'yan Bobby suka gano cewa muryar da ake yayi a wasu tarukan matasa ta mahaifinsu ce. A 2009 kamfanin Drag City na Cikago ya fitar da waƙoƙin 7, shekara 34 bayan ɗaukarsu. A 2012 Mark Covino da Jeff Howlett suka yi fim ɗin tarihi mai suna A Band Called Death. Ga kuma abin takaici: a 1984 wasu samari a jihar Filorida suka ɗauki wannan suna dai, suka zama manya a kiɗan hebi metal. Sunan da ya toshe wa wasu hanya shi ya zama tutar wasu.

Fim ɗin yana da daɗin kallo, amma akwai inda yake jan mai kallo da hanci. Yana sa ka fita kana cewa David ya yi gaskiya tunda ga shi duniya ta dawo ta sara masa. A nan nake so ka tsaya, malam. Da ɓera ya ci zaren nan, ko gobara ta lashe ɗakin da aka ajiye shi, shin matakin da David ya ɗauka a 1975 zai koma kuskure? Mutumin ɗaya ne, niyyar ɗaya ce, abin da ya sani a ranar bai ƙaru ba bai ragu ba. Idan sai sakamako ya yi kyau muke kiran mutum jarumi, to sa'a muke yabo. Mutum nawa ne suka ƙi irin wannan tayi, ba wanda ya taɓa dawowa neman aikinsu? Su ma hukunci ɗaya ya kamata a yi musu da David, ko yabo ko zargi.

Saboda haka sai mu auna shi da abin da ke gabansa a lokacin. Ma'auni na farko: abin da aka ce ya sauya, ado ne ko ƙashin bayan aikin? Bahaushe ya ce suna linzami ne. A wurin David, sunan shi ne saƙon, kuma yana ɗauke da makokin ubansa. Wanda aka ce ya cire wannan an ce ya yi waƙar wani ne da bakinsa. Ta wannan fuska ban ga laifinsa ba.

Ma'auni na biyu ya fi nauyi: wa zai biya kuɗin wannan a'a? Mutum uku ne suka yi gumi, amma baki ɗaya ya yanke hukunci. Bobby da Dannis sun faɗa a fim ɗin cewa ransu ya ɓaci ƙwarai, sai dai tarbiyyar da ubansu ya yi musu ta mara wa ɗan'uwa baya ta hana su watsar da shi. Kana da ikon ka zaɓi yunwa saboda abin da ka yi imani da shi. Ba ka da ikon ka zaɓa wa ɗan'uwanka ita ba tare da yardarsa ba. Nan ne David ya ci bashin da bai rayu ya biya ba, kuma in za a raba yabo, kaso mai tsoka na waɗanda suka haɗiye fushi suka adana amanar ne.

Ka san ba baƙon al'amari ba ne a wurinmu. Tun bayan da fim ɗin Sangaya ya yi kasuwa, darakta nawa ne 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka ce wa sai ya cusa rawa da waƙa ko da labarin na zaman makoki ne? Marubuci nawa ne aka ce wa ya mayar da littafinsa na soyayya in yana so a karɓa? Zamanin kaset da faifai ya wuce, amma mai ɗaukar nauyin shiri mai dogon zango a YouTube ya gaji kujerar ɗan kasuwar. Daraktan da zai ce a'a ya kamata ya fara tara mai ɗaukar hoto da mai haske da 'yan wasa, ya faɗa musu abin da za a rasa. In sun yarda, ya zama tsayuwar jama'a. In ya yanke shi kaɗai ya bar su da bashin haya, to ya sayi mutuncinsa da aljihun wasu.

A ƙasar Zamfara kuwa, mun san Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru domin sun samu fada da rediyo, masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma suka rubuta tarihinsu. Amma ka tambayi dattawan Anka ko Gummi ko Bukkuyum, za su lissafo maka makaɗan noma da na dambe da na tauri da suka girgiza ƙauyukansu na 'yan shekaru, sannan ƙungiyar ta watse. Wani ɗan amshi ya tafi cirani, wani ya shiga ramin zinari a Bagega, wani ya ajiye kalangu don kansa. Rashin tsaro ya zo ya kashe wasan dare a wurare da yawa, har a 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci, inda a nan ne makaɗin ƙauye ke samun masu saurare. A cikinsu akwai wanda ya ƙi yi wa mai kuɗi waƙa don bai ga halin yabo a wurinsa ba. Ba wanda ya yi masa fim, amma ƙin nasa bai fi na David araha ba.

Abin da ya raba su da 'yan gidan Hackney shi ne wani ya adana zare. Idan akwai tsohon kaset a akwatin mahaifinka, wanda aka ɗauka a wani biki ko filin dambe, ka fito da shi kafin zafi da ƙura su gama da shi. Ka kai a juye maka shi a waya, ka nemi tsohon da zai faɗa maka sunan makaɗin da garinsu da 'yan amshinsa, ka rubuta. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma ya sa mu iya riƙon amanar abin da suka bari.