Ƙwan Kazar Gida: Halal Ne, Amma Da Amana A Kansa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya halicci mutum da dabba da tsuntsu, Ya kuma yanka wa kowannensu arzikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, kwanakin baya wani saurayi ɗan Birni, wanda ya yi karatu a Faransa, ya tsaya bayan sallar La'asar ya ce da ni: "Allah gafarta Malam, na daina cin nama da ƙwai da madara tun ina can, saboda abin da na gani ana yi wa dabbobi. To ga shi na dawo, Inna tana da kaji a gida, tana kula da su kamar 'ya'yanta. Ta soya mini ƙwansu na ƙi ci, ta yi fushi, har tana zaton na bar addini. Shin in ci, ko in tsaya a kan bakana?" Waɗanda ke kusa suka yi dariya. Ni kuwa na ga mas'ala ce da ta cancanci a zauna mata, domin ta haɗa abubuwa uku masu nauyi: hukuncin Allah, da hakkin dabba, da hakkin uwa.

Asalin wannan ra'ayi

Masu wannan ra'ayi, waɗanda Turawa ke kira 'yan bigan, sun kafa ƙungiyarsu ta farko a Ingila a shekarar 1944, ƙarƙashin jagorancin wani mutum mai suna Donald Watson. Sukan ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba, har da zuma. Amma wanda ya karanci adabin Larabci ya san an riga su. Abul Ala'il Ma'arri, makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham, wanda aka haifa a 973 ya rasu a 1057, ya shafe shekaru masu yawa ba ya cin nama ko ƙwai, ba ya shan madara ko zuma. A ƙarshen rayuwarsa ma ya yi musayar wasiƙu da babban mai da'awar Faɗimiyyawa na Misra a kan wannan al'amari. Malamai sun yi saɓani a kan aƙidarsa, amma tambayar da ya tayar tana nan har yau.

Adalci shi ne mu faɗi hujjojinsu yadda suke kafin mu ba da amsa. Ta farko: a manyan gidajen ƙyanƙyasa na zamani, tsakon da ya fito namiji ba shi da amfani ga mai sayar da ƙwai, saboda haka ake hallaka shi ran da aka ƙyanƙyashe shi. Abin ya yi muni har Jamus ta haramta shi daga farkon 2022. Ta biyu: kazar daji, wadda ita ce asalin kajin duniya, ƙwai kaɗan take yi a shekara, amma an yi ta zaɓen iri har aka samo kazar da ke yin kusan 300. Ɓawon ƙwai kuwa daga sinadarin ƙashinta yake samuwa, don haka ƙasusuwanta suke raunana. Ta uku: sun ce ƙwan nata ne, kuma ba wanda ya nemi izininta. Ta huɗu: ran da ta daina ƙwai, wuƙa ce makomarta.

Auna hujjojin a kan kazar gida

To, mu ɗora waɗannan hujjoji a kan kazar da ke tono a tsakar gidajenmu na Birni da Zango, ko a ƙauyukan Mirriya da Matamai. Hujja ta farko ba ta hau kanta ba, domin ita ke kwanci a kan ƙwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ta ja 'yan tsakinta maza da mata, kuma babu mai kashe namiji don ya zo namiji. Ta biyu ma haka, domin kazar Hausa takan yi ƙwai goma sha, ta tsaya ta yi kwanci, ta yi reno, sannan ta sake. A sani kuma kaza tana yin ƙwai ko da babu zakara, irin wannan ƙwai kuwa babu tsako a cikinsa har abada. In an bar shi, baragurbi zai zama.

Hujja ta uku ita ce zuciyar mas'alar. A wurinmu, kaza da ƙwanta da mai kiwonta duk mallakar Allah ne. Shi ne Ya yi izini, kuma izininSa ya zo da sharaɗi. Aya ta 38 ta Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. A Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Damagaram tun zamanin kakanninmu, an wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, an hana ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta, an kuma halatta tatsar nononta gwargwadon da ba zai cutar da ɗanta ba. Wannan ma'auni ya dace da kaza: ka ɗauki abin da ɗaukarsa ba ta cutar da ita, ka biya ta da tsaba da ruwa da inuwa da kariya daga shirwa da muzuru. Littafin ya kuma nuna cewa ƙwai mai tsarki ne, sai wanda ya ɓaci.

Hujja ta huɗu kuwa, nan ne muka rabu da su, kuma ba za mu ɓoye ba. Bahaushe ya ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Shari'a ta halatta yanka, tare da umurnin a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Sai dai cin ƙwai bai rataya a kan yanka ba. Wanda ya ga dama ya bar tsohuwar kazarsa ta ƙare kwanakinta a gidansa, ba wanda zai zarge shi, ana ma fatar ya sami lada.

Bari daban, haramtawa daban

Ya zo a cikin Buhari da Muslim cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) naman damo, ya janye hannunsa saboda ransa bai so ba, amma Halidu ɗan Walidu (RA) ya ci a gabansa, bai hana shi ba. Wannan ya nuna mutum yana da damar barin halal idan ransa bai kwanta da ita ba. A ɗaya ɓangaren, Muslim ya ruwaito labarin wasu sahabbai da suka so tsananta wa kansu, ɗayansu ya yi niyyar daina cin nama don neman kusanci ga Allah, Annabi (SAW) bai yarda da hakan ba. Aya ta 87 ta Suratul Ma'ida ma ta hana muminai haramta daɗaɗan abubuwan da Allah Ya halatta musu.

Saboda haka na ce da saurayin nan: "Ƙanena, tausayin da ke zuciyarka alheri ne, kada ka bari a yi maka dariya ka yar da shi. Ka guji ƙwan da ka san an same shi ta hanyar azabtarwa, wannan tsantseni ne. Amma ƙwan kajin mahaifiyarka, dalilin da ya sa ka ƙaurace babu shi a cikinsa, ɓacin ran uwa kuwa abu ne tabbatacce. Ka ci, ka yi mata godiya. In kuma ranka ya ƙi, ka bari da ladabi, ka bayyana mata cewa ba ka ɗauke shi haram ba, kuma ba ka ganin laifin mai ci."

Tambayar ta dawo kanmu

Ya 'yan'uwa, duk amsar nan ta ginu ne a kan kalma ɗaya: kazar da ake kyautata wa. Shin namu kajin haka suke? Ku dubi yadda ake kawo su kasuwar Dole, an ɗaure ƙafafunsu, an rataye su kai ƙasa a bayan babur, a yashe su cikin zafin bazara babu ko ɗigon ruwa. Ku dubi akurkin da ake shekara ba a share ba, da kajin da annobar hunturu ke kwashewa alhali akwai allurar rigakafi a wurin ma'aikatan kiwo. Ba mu san darajarsu ba sai a 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a Magariya aka hallaka kaji da agwagi, mata da yawa suka rasa abin da suke sayarwa su sayi magani da sabulu. Hadisi ingantacce ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Abu Dawuda ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya ga tsuntsuwa tana kaɗa fuka-fuki saboda an ɗauke 'ya'yanta, ya umurci a mayar mata da su. Wanda ya san waɗannan ba zai raina hakkin kaza ba.

Akwai kuma wani laifi da ya fi wannan. Saurayin nan ya bar ƙwai da zaɓinsa, amma yara nawa muka hana wa ƙwai da camfi? Har yau ana cewa yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama, ana kuma hana mai ciki. Wannan magana ba ta da tushe a Alƙur'ani ko Sunna ko ilimin likita. Ƙwai ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 6 na sinadarin gina jiki. Mu da muka ga abin da tamowa ta yi wa 'ya'yanmu a yunwar 2005, bai kamata mu kwashe ƙwan gida kaf mu kai wa mai shayi, yaro na kallo ba. Wannan ma wani nau'i ne na haramta abin da Allah Ya halatta, kuma a kan mai rauni yake faɗawa.

Don haka kowane magidanci, in ya koma gida yau, ya leƙa akurki, ya duba kaskon ruwa, ya kuma tambayi iyalinsa yaushe rabon da ƙaramin yaron gidan ya ci ƙwai. Allah Ya sa mu cikin masu jinƙai waɗanda Mai rahama ke jinƙai, Ya yafe mana abin da muka tauye na hakkin halittunSa. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.