Ƙullin da Ido Ba Ya Gani

Daga cikin ayyukan da ke fito da ma'anar ihsani, wato kyautata aiki saboda sanin cewa Allah yana kallo, akwai ƙullin zaren da likitan tiyata yake yi da yatsunsa a cikin jikin majiyyaci. Ƙullin da aka fi dogara da shi zagaye biyu ne masu saɓa wa juna, domin idan suka bi fuska ɗaya zaren yana iya zamewa, jijiyar da aka ɗaure ta sake zubar da jini. Idan kuma aka matse fiye da kima, naman yakan rasa jini ya mutu.

Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayanin ɗinki da zaren hanjin dabba a littafinsa At-Tasrif, zaren da jiki kan narkar har ya ɓace. Da zarar an rufe fata, babu mai sanin ingancin ƙullin sai wanda ya yi shi da Ubangijinsa, saboda haka aikin amana ce tsantsa, kuma tawakkalin likita ba ya cika sai bayan ya ɗaure da kyau.