Ko Barci Lalaci Ne? Darasi Daga Kifin Shak

Tambayarmu ta wannan mako ita ce: shin wanda ya hana idonsa barci saboda neman abinci ya cancanci yabo?

Masuntan madatsar ruwa ta Tiga, a ƙasar Bebeji, sun san ƙarfasa ba ta rufe ido, domin ba ta da fatar ido. To, a cikin teku akwai wani kifi mai ban tsoro da ake kira shak, wanda aka daɗe ana cewa ba ya barci sam. Dalili kuwa shi ne, waɗansu irinsa, kamar babban farin shak, ba su iya numfashi sai suna tafiya baki buɗe, ruwa yana ratsa ƙofofin numfashin da ke gefen kansu. Waɗansu kuwa sukan kwanta a ƙarƙashin teku, suna zuƙo ruwan da bakinsu.

A shekarar 2022 masana suka bayyana binciken da suka yi a kan wani ƙaramin shak na tekun Niyu Zilan. Sun tarar idan ya yi minti biyar ko fiye a kwance, iskar da jikinsa ke ci takan ragu, alamar barci ke nan, kuma wani lokaci idanunsa a buɗe suke. Ashe buɗaɗɗen ido ba shaidar farkawa ba ne.

Wannan magana ta shafi direbobinmu da ke bin hanyar Jos, daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada da dajin Falgore. Direba ya kwana biyu bai runtsa ba, ya sha ƙwaya, yana alfahari da ƙwazo. Idonsa a buɗe, amma hankalinsa ya yi barci, ga rayukan bayin Allah a bayansa. Mai motar da ya ɗora masa kuɗin da ba ya samuwa sai da hana ido barci, shi ma yana da kamasho a cikin alhakin.

Buhari ya ruwaito yadda Salmanul Farisi ya hana Abu Darda'i raya dare dukansa da salla, Annabi (S.A.W.) kuma ya gaskata Salmanu. In ibada ba ta halatta zaluntar jiki ba, ina ga neman kuɗi? Wanda gyangyaɗi da barci ba su kama Shi ɗaya ne tak, kamar yadda muke karantawa a Ayatul Kursiyyu. Bawa ya san matsayinsa: in barci ya zo, ya tsaya a gefen hanya ya kwanta.

Allah Ya tsare mu, Ya sa mu dace, amin.