Shirun da Ake Sayarwa

A ce a wani ƙauye akwai bankin cimaka, inda jama'a ke ajiye hatsi saboda farkon damina, lokacin da rumbuna suka ƙare. Wani dare mai gadi ya ga mai riƙe da makullin sito yana loda buhu biyar a amalanke. Da gari ya waye bai je wurin maigari ba, bai kuma nufi jandarma ba. Sai ya ja mutumin gefe ya ce masa: "Na ga abin da ka yi. Ka riƙa ba ni jikka goma duk wata, ni kuwa in ja bakina in yi gum."

Kowa zai ce mai gadin nan ya yi laifi, amma ina laifin yake? Masana shari'a sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Faɗin gaskiya ba laifi ba ne, neman kuɗi wurin mutum ma ba laifi ba ne. To, me ya sa in an haɗa su suke zama laifi?

A ganina, mai gadin ya sayar da abin da ba nasa ba. Hatsin na jama'a ne, sanin wanda ya sace shi ma haƙƙinsu ne. Ranar da ya karɓi kuɗin toshiyar baki ya zama mai rabo a cikin satar, abokin ɓarawo kuwa ɓarawo ne. Har ma zai fi so satar ta ɗore, tunda daga ita yake ci.

Wani zai ce ai addini ya yi umarni da rufin asiri. Haka ne, amma addinin da ya kwaɗaitar da suturta Musulmi shi ya hana ɓoye shaida, kamar yadda ya zo a aya ta 283 ta Suratul Baƙara. Malamai sun bambanta zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa da wanda ya taɓa haƙƙin wasu. Mu ɗauki saurayin da ke riƙe da hoton wata yarinya a waya, yana tatsarta da barazanar zai watsa shi a WhatsApp. Wannan asiri ne da ba shi da ikon tonawa. Satar hatsi kuwa asiri ce da mai gadi ba shi da ikon rufewa. Ta kowace fuska, mai barazanar tona asiri ba shi da hajar da zai kasa a kasuwa.

Dokar Faransa, wadda ƙasashenmu da ta mulka suka gaji tsarin shari'arta, ta bi ta nan. Sashe na 312-10 na kundin hukunta laifukanta ya tanadi ɗaurin shekara 5 ga mai karɓar dukiya da barazanar tona asiri. Sashe na 434-1 kuma ya tanadi shekara 3 ga wanda ya san da babban laifi da har yanzu ana iya hanawa ko rage ɓarnarsa, ya ƙi sanar da hukuma. Sai dai ya ɗauke wannan nauyi daga iyaye da ƴaƴa da ƴan uwa da abokin aure, in ba ƙaramin yaro aka cuta ba. Ashe doka ma ta yarda cewa ba kowane shiru ne cin amana ba.

Akwai kuma shirun tsoro. Manomin da ke bakin iyaka, ya san wanda ke kai wa ƴan bindiga labari, ya kuma san in ya yi magana ba zai kai sati ba, ba ni da bakin zarginsa. Hukumar da ke son a kawo mata rahoto, sai ta fara kare mai kawowa.

Don haka idan mun yi shiru a kan wani laifi, mu tambayi kanmu waye ke biyan farashin shirun. In ba wanda ya cutu, mu rufa don Allah, ba ko dala. In kuwa akwai yaran da za su kwana da yunwa saboda buhu biyar ɗin nan, kuma ba takobi a wuyanmu, to mu je mu faɗa. Allah Ya tsare mu da cin abinci da asirin mutane.