Fatawa: Sallar Wanda Ya Ɗauki Gidansa a Mota Zuwa Bosniya

Tambaya ta zo daga wani ɗan'uwa Bahaushe mazaunin Jamus. Ya yi hayar mota irin wadda ke da gado da murhu da tankin ruwa da makewayi a cikinta, zai zaga Bosniya da iyalinsa a hutun bazara. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne: tunda a motar za su ci, a cikinta za su kwana, shi matafiyi ne da zai yi kasaru, ko kuwa mazauni ne da bai bar gidansa ba?

Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Mai tambaya matafiyi ne, gadon da ke cikin motar bai canza hukuncinsa ba. Malaman Malikiyya sun yi maganar makamanciyar wannan mas'ala tun da daɗewa a kan matuƙin jirgin ruwa da ke yawo da matarsa da 'ya'yansa da tukunyarsa a cikin jirgi. Mudawwana ta kawo hukuncinsa, Shaihu Khalil ma ya ambace shi a Mukhtasar: yana kasaru. Hambaliyya sun saɓa, amma saɓaninsu a kan wanda ba shi da wani gida ne sai jirgin. Ɗan'uwanmu kuwa yana da gida a Jamus, can zai koma.

Wurin da ya kamata ya tsaya da kyau shi ne niyya. Kasaru a mazhabar Malik na bukatar mutum ya nufi tafiyar mil 48, wato kilomita 80 da 'yan kai, tun daga farkon tashinsa. Daɗin irin wannan mota a wajen masu sonta shi ne a tashi da safe ba a san inda za a kwana ba, duk inda hanya ta yi kyau a bi. Littattafan fiƙihu sun san wannan mutumin. Sun haɗa shi da makiyayin da ke bin ciyawa, wanda zai tsaya duk inda ya same ta, suka ce ba ya kasaru ko da ya keta ƙasa duka, sai in ya tabbata zai cika nisan kafin ya tsaya. Don haka zana hanya kafin a tada mota yana da tasiri a kan sallar kanta. Wanda ya bar Sarayebo ya nufi Mostar ta bakin kogin Neretba yana da kusan kilomita 130 a gabansa, zai mayar da Azahar da La'asar da Isha'i raka'a biyu-biyu da zarar ya wuce gidajen ƙarshe na gari. Wanda ya fita don ya ga abin da rana za ta kawo, ya cika huɗu.

Sai zama. Niyyar kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya, gwargwadon salloli ashirin, tana yanke tafiya. Sarayebo gari ne mai riƙe baƙo. Masallacin Gazi Husrev-beg da aka gina a 1531 da tsohuwar kasuwar da ke kewaye da shi kaɗai sun isa su cinye kwanaki. In iyalin suka ajiye mota a sansani da niyyar mako guda, sun zama mazauna daga saukarsu, fitarsu zuwa duwatsun bayan gari kuma ba ta mayar da su matafiya ba. In kuwa kwana biyu suka nufa a Mostar, don su ga gadar 1566 da aka rusa a 1993 aka sake ginawa a 2004, su leƙa zawiyar Blagay da ke kilomita 12 daga can, suna nan a kan kasarunsu. Haka wanda mota ta lalace masa yana jiran makanike yau ko gobe: yana kasaru ko da jiran ya ja, domin bai ƙulla niyyar zama ba.

Wani zai ce Malikiyya sun karhanta kasaru a tafiyar wasa. Gaskiya ne, misalinsu shi ne mai farauta don nishaɗi zalla. Mutumin da ya ɗauki 'ya'yan da aka haifa a Turai don su ji kiran salla yana tashi daga hasumiyoyi a tsakiyar nahiyar, su ga maƙabartun yaƙin 1992 zuwa 1995, tafiyarsa halal ce mai manufa, rangwamen ya same shi.

Musulmin Bosniya Hanafawa ne. A wajensu kwana 15 ne ke yanke tafiya, kuma ba sa haɗa salloli biyu sai a Arfa da Muzdalifa. Mai tambaya na da damar haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha'i, a ranar da yake kan hanya, musamman da yake a watan Yuni Isha'i na kaiwa bayan ƙarfe goma na dare, alfijir kuma na ketowa wajen ƙarfe uku. Amma ya yi hakan a motarsa ko a gefe, kada ya tada wata jam'i a masallacin mutane ya rikita su. In ya bi limamin gari, zai cika huɗu tare da shi. Juma'a ba ta wajaba kan matafiyi ba, in ya halarta ta isar masa, kuma hasara ce a wuce ta a gari irin Sarayebo.

Farilla ba a yin ta a zaune mota na tafiya alhali ana iya tsayawa. In an faka, rufin ya ba shi damar miƙewa, ya fuskanci kudu maso gabas, sallarsa a ciki ta inganta. Makewayin da ke kusurwa ba ya ɓata ta muddin najasa ba ta taɓa jikinsa ko tufarsa ko inda yake sujada ba.

Akwai gargaɗi da ya wajaba a faɗa da babbar murya. Har yau akwai nakiyoyin yaƙi binne a wasu dazuzzuka da gangaren duwatsun Bosniya, ana yi musu alama da jan allo mai hoton ƙoƙon kai, alamar kuma ba ta kai ko'ina ba. Sabon da aka yi na a sauka daga mota a shiga daji don kama ruwa ko shimfiɗa darduma haramun ne a wurin da ba a san lafiyarsa ba, domin jefa rai ne cikin halaka. A tsaya a kan kwalta, a gidan mai, a sansani ko a harabar masallaci, a riƙe hannun yara. In ruwan tanki ya yi ƙasa har ana tsoron ƙishirwa, rafi kuma na can bayan ciyawar da babu sawun mutane, ya yi taimama da dutsen bakin hanya ya yi sallarsa.

Allah ne Mafi sani.