Gonar Anatot: Gaskiya da Mutunci a Kwanakin Yaƙi

Karatu: Irmiya 32:1-15, 34:8-22, 38:1-13

Sa'ad da yaƙi ya faɗo wa ƙasa, yakan rushe gidaje, ya ƙone gonaki, amma akwai wata ɓarna tasa wadda ba a ganinta da ido, wato cin amana tsakanin mutane. Mai hatsi ya ɓoye hatsinsa sai ya yi tsada. Mai awo ya rage mudu. Wanda ya ci bashi ya ce gobe ba ta da tabbas, don me zai biya? Maƙwabci ya ga mai gida ya gudu, ya shiga ya kwashe abin da ya rage. In ka yi magana a ce maka, "Ai kwanakin yaƙi ne." Ga tambayar da ke gabanmu cikin wannan darasi: mutumin da ya riƙe gaskiya cikin ƙananan al'amura sa'ad da birninsa ya ke faɗuwa, wawa ne, ko kuwa ya ga abin da sauran ba su gani ba?

Mu duba annabi Irmiya. A shekara ta goma ta sarautar Zadakiya, wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Almasihu, rundunar Nebukadnezzar Sarkin Babila tana kewaye da Urushalima. Abinci yana ƙarewa. Irmiya kansa yana tsare a filin matsara na gidan sarki, gama ya faɗa a fili cewa birnin zai faɗi. Ana nan sai Hanamel, ɗan baffansa, ya zo ya ce masa ya sayi gonarsa da ke Anatot, domin bisa ga Shari'a (Littafin Firistoci 25) dangi na kusa shi ke da hakkin fansar ƙasar iyali. Anatot kuwa ƙauye ne kamar mil uku arewa maso gabas da Urushalima, a ƙasar da abokan gaba suka riga suka mamaye. Wa zai ba da azurfa saboda gonar da dawakan Babila su ke takawa?

Irmiya ya saya, gama Ubangiji ya riga ya faɗa masa. Amma ku lura da yadda ya saya. Ya auna azurfa shekel goma sha bakwai a kan ma'auni. Ya rubuta takardar ciniki, ya buga mata hatimi, ya kira shaidu suka sa hannu. Aka yi takarda biyu bisa ga al'ada, ɗaya rufaffiya ɗaya buɗaɗɗiya, ya ba Baruk ɗan Neriya a gaban dukan waɗanda ke zaune a wurin, ya umarce shi ya sa su cikin tukunyar yumɓu domin su daɗe. Dabarar kuwa mai kyau ce, gama littattafan da aka tarar cikin tuluna a kogwanni kusa da Tekun Gishiri a shekara ta 1947 sun yi wajen shekara dubu biyu a ajiye.

Me ya sa Littafi Mai Tsarki ya tsaya yana lissafa ma'auni da hatimi da shaidu? Babu alƙalin da zai tuhumi Irmiya in ya rage shekel ɗaya. Alƙalan kansu suna jiran takobi ko bauta. Amma kowane abu cikin cinikin nan yana duban gobe. Ana kiran shaidu domin ranar da za a tambaye su. Ana buga hatimi domin wanda zai zo daga baya ya buɗe. Wanda ya auna daidai ya amince cewa akwai ranar da za a sake aunawa. Saboda haka cinikin ya zama wa'azi ga mutanen da suka fid da zuciya: Allah ya yi alkawari za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar nan, ga kuwa mutum ɗaya da ya gaskata har ya sa kuɗinsa.

Sura ta 34 ta nuna mana wata hanya dabam. Cikin tsananin kewayen nan, sarki da manyan gari suka ɗaure alkawari a Haikali za su 'yantar da bayinsu Ibraniyawa, suka kuwa sake su. Da rundunar Fir'auna ta fito daga Masar, Babilawa suka janye na ɗan lokaci, sai iyayengijin nan suka komo suka kama bayin, suka mai da su cikin bauta. Kirkinsu na tsoro ne. Da tsoro ya wuce, kirki ya bi shi. Irin wannan ba ya ba kowa bege, sai dai ya koya wa matalauci cewa maganar babba ba abin dogara ba ce, ko an yi ta a gaban Allah. Birnin da alkawari ya mutu a cikinsa ya riga ya faɗi tun garunsa suna tsaye.

Ga mutum na uku. Hakimai suka jefa Irmiya cikin rijiyar da ba ruwa, sai laka, ya nutse ciki. Ebed-melek, mutumin Kush, baƙo daga ƙasashen kudancin Masar, bara ne a gidan sarki. Ya tafi wurin sarki a Ƙofar Biliyaminu, ya faɗa masa a gaban jama'a cewa abin da aka yi mugunta ne. Da ya sami izini, kafin ya tafi bakin rijiya, ya biya ta wani ɗaki a gidan sarki ya ɗebo tsummoki da tsofaffin tufafi, ya zura wa annabi, ya ce ya sa su a hammatarsa domin kada igiya ta yanke shi. Fid da mutum daga rijiya jaruntaka ce. Tunawa da fatar hammatarsa kuwa, a garin da mutane ke mutuwa da yunwa, wannan shi ne mutunci. Ubangiji bai manta da shi ba; a ƙarshen sura ta 39 ya aika masa da alkawarin tsira.

Ebed-melek ba Ba'isra'ile ba ne, wannan kuwa ya kamata ya ƙasƙantar da mu, gama Allah yakan ta da mai jinƙai daga inda ba mu zata ba. A watan Yuni na 2018, sa'ad da mahara suka auka wa ƙauyukan Barkin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kirista fiye da ɗari biyu a masallaci da gidansa, ya tsaya a waje ya ƙi ba da su.

Amma wani zai ce, "Ina amfanin wannan duka? Urushalima ta faɗi." Gaskiya ne, ta faɗi, aka ƙone Haikali. Irmiya kuma, daga baya mutanensa suka tafi da shi Masar ba da sonsa ba, Littafi bai ce ya taɓa cin amfanin gonarsa ba. Kada mu ruɗi junanmu cewa gaskiya laya ce mai kare mutum daga takobi. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940 zuwa 1944, mutanen ƙauyen Le Chambon a kan tuddan Faransa, tare da fastonsu André Trocmé da matarsa Magda, suka karɓi Yahudawa masu gudun kisa, da yawa cikinsu yara, suka raba gurasarsu da su. Da hukuma ta nemi sunayensu, faston ya ƙi. Mutane da yawa suka tsira. Amma danginsa Daniel Trocmé, wanda ke lura da gidan ɗalibai, an kama shi a 1943 tare da samarin da ke hannunsa, ya mutu a sansanin Majdanek a 1944.

To, ina begen ya ke? Tushensa amincin Allah ne, wanda ba ya ta da alkawarinsa. Amma mai wahala ba ya iya ganin amincin Allah da ido. Abin da ya ke gani shi ne mudu cikakke, da bashin da aka biya, da akuyar da aka tsare masa har ya komo. Ta wurin waɗannan ya ke sanin cewa mugunta ba ta cinye duniya duka ba, zuciyarsa kuma ta sami abin kamawa. Mai gaskiya kuwa, shi ma aikinsa yana tsare shi, gama yaƙi yana so ya mai da kowa kura, wanda ya ƙi ya zama kura ya hana yaƙi rabin nasararsa. Bayan yaƙi ma, da irin mutanen nan a ke sake gina gari, gama ba a kafa kasuwa inda ba wanda ya yarda da wani.

Ku buɗe Ezra sura ta 2, inda aka lissafa waɗanda suka komo daga bauta bayan umarnin Sarki Sairus na shekara ta 538. Cikin dogon lissafin nan akwai mutanen Anatot, su 128. Irmiya bai gan su ba, amma sun komo, aka sake noma a ƙasar.

'Yan'uwa, ba kowa aka kira ya tsaya gaban sarki ba. Amma kowannenmu yana da ma'auni a hannunsa, yana da maƙwabci, yana da tsumma a ɗaki. Mu koyi gaskiya tun ana zaman lafiya, gama abin da hannu ya saba shi zai yi ran tsanani.

Tambayoyi

1. Don me Irmiya ya kira shaidu, alhali ya sani birnin zai faɗi?
2. Mene ne bambanci tsakanin alkawarin manyan Urushalima da aikin Ebed-melek?
3. In maƙwabcinka ya gudu saboda tashin hankali, mene ne hakkinsa a kanka game da gonarsa da dabbobinsa, ko da shi ba na addininka ba ne?

Addu'a: Mu roƙi Ubangiji saboda dukan waɗanda yaƙi ya kora daga gidajensu, ya kuma sa mu zama masu aminci cikin ƙaramin abu.