Haƙƙin Da Hannu Ke Ɗauka Ba A Sani Ba



Kwanakin baya na je duba yaron wani maƙwabcina a nan Tofa. Abin ya faro ne daga maruru ɗaya a ƙeya, bayan aski. Uban ya matse da hannunsa, ya sayo Ampiclox ƙwaya huɗu a kemis, da aka ga sauƙi sai aka daina. Kafin wata ya zagayo ƙannen yaron biyu sun kamu, domin soso ɗaya ne, tawul ɗaya. Shi kuwa sai da aka kai shi asibiti a Kano, aka gwada mugunyar, likita ya ce ƙwayar cutar ba ta jin maganin da aka saba.

Uban ya ce da ni, "Malam, ƙaddara ce." Na ce haka ne. Amma tambaya ta biyo ni har gida: cutar da ka ɗora wa wani ba da niyya ba, akwai haƙƙinsa a kanka?

Mu fara sanin abin tukuna. Likitoci na kiran ƙwayar Staphylococcus aureus. Kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da ita a hanci ko a fata, lafiyarsa ƙalau. Sai ta samu ƙofa, yankan reza ko miki, ta zama maruru, wani lokacin ta shiga jini ta yi kisa. A kanta Alexander Fleming ya gano penisilin a 1928. Sai ta koyi jure masa. Aka kawo methicillin, a 1961 aka samu wadda ba ta jin sa a Ingila, ita ce MRSA, kuma Ampiclox ma ba ya yi mata komai. A 2019 kaɗai, cututtukan da suka daina jin magani sun kashe mutum kusan miliyan 1.27 a duniya. Shan magani barkatai na cikin abin da ke horar da su.

To, amsata ita ce: wanda bai sani ba yana da uzuri. Wanda ya sani ya yi sakaci kuwa, wallahi ya ji tsoron Allah. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, kuma ba mu fi shi imani da ƙaddara ba.

Wani zai ce, ai ina alwala sau biyar. Madalla, alwalarka ta inganta. Sai dai hannun da ya taɓa mugunya sabulu yake buƙata, a cuɗa shi kamar daƙiƙa 20, kafin ya gaisa da sahu guda a masallaci ko ya shiga kwanon tuwo.

Saboda haka: a rufe ciwo da bandeji mai tsafta, a bar matse maruru. Kowa da sosonsa, tawul ɗinsa da rezarsa. A wanke zanen gadon mara lafiya da sabulu, a shanya a rana. In kun je dubiya ku wanke hannu kafin shiga da bayan fitowa. 'Yan uwa wanzamai da masu aski, fatar mutane amana ce: sabuwar reza ga kowane kai, a tafasa aska, a goge kilifa da sifirit. Masu kemis, ƙwaya huɗun nan ribarta kaɗan ce, ɓarnarta kuwa har kan yaron da ba ku taɓa gani ba. Magani sai da izinin likita, a sha yadda ya ce.

Yaron yana samun sauƙi, alhamdulillah. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, kada Ya sa hannunmu ya zama sanadin ciwon wani. Amin.